Farcen Roba a Hannun Mai Salla: Yadda Yake Daɗewa, da Ranar da Ya Kamata a Cire Shi



Duk wanda ya ratsa layin masu kayan kwalliya a kasuwar Asigame, ko ya tsaya gaban ƙananan shagunan da ke bakin titin Aneho, daga tashar jiragen ruwa har zuwa nan Baguida, zai ga wani kaya da a da ba a san shi ba sai a hannun 'yan fim. Ƙananan kwalaye ne masu ɗauke da farata na roba, galibi 24 a kwali, da 'yar kwalbar gam a gefe. A jikin kwalin akan rubuta faux ongles da Faransanci, mu kuwa mun raɗa masa farcen roba, wasu kuma su ce farcen kanti. A da sai mace ta je shagon gyaran jiki ta biya kuɗi masu kauri kafin a ƙara mata farce. Yau kuwa budurwa tana iya sayen kwali da kuɗin kashewarta, ta kalli yadda ake yi a waya, ta manna wa kanta a ɗaki. Idan lokacin bukukuwa ya kama, wato gabanin azumi da bayan sallar layya da hutun ƙarshen shekara, da wuya a je walima a Baguida ko a Zongo ba a gan shi a hannun ƙawayen amarya ba.

Kukan masu sa shi guda ɗaya ne, wato ba ya daɗewa. An manna ranar Alhamis, kafin ɗaurin aure ranar Lahadi biyu sun faɗi, na uku ya ɗago, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Saboda haka tambayar da take yawo tsakanin 'yan mata ita ce yadda za a yi ya daɗe. Tambaya ce mai amsa, kuma za mu kawo amsar ba tare da rage komai ba. Sai dai a gidan da ake alwala sau biyar a yini akwai tambaya ta biyu da take manne da ta farko, wato kwana nawa ya halatta ya zauna a hannu. Wanda ya amsa ɗaya ya bar ɗaya bai yi wa iyalinsa adalci ba.

Mene ne shi, kuma daga ina ya zo?

Farcen da Allah Ya halitta mana an gina shi ne da wani sinadari da likitoci suke kira keratin, wanda shi ne dai a gashi da ƙaho da kofato. Farcen hannu yana tsiro kimanin milimita 3 a wata, don haka yakan ɗauki wata 4 zuwa 6 kafin ya sabunta daga tushe zuwa baki, na ƙafa kuwa shekara guda ko fiye. Ko da yake yana da tauri a ido, yana shan ruwa ya kumbura kaɗan, idan ya bushe kuma ya koma yadda yake. Wannan hali nasa shi ne mabuɗin duk abin da za mu faɗa a gaba.

Ƙarin farce irin na zamani ya samo asali ne daga ɗakin likitan haƙori. A shekarun 1950 wani likitan haƙori a birnin Filadelfiya na ƙasar Amurka, mai suna Fred Slack, ya fasa farcensa yana cikin aiki, sai ya gyara shi da irin robar da ake cike haƙori da ita, daga nan sana'ar ta tashi. Yau iri uku ne suka fi yawa. Akwai wanda aka riga aka ƙera da roba, ana manna shi da gam. Akwai akirilik, wanda ake haɗa gari da wani ruwa mai kaifin wari a gina shi a kan farce. Akwai kuma jel, wanda ba ya daskarewa sai an sa hannu ƙarƙashin wata fitila ta musamman. Na farkon shi ne ya cika gidajenmu, don shi ya fi araha da sauƙi, ko da yake kayan sauran biyun ma sun fara shigowa kasuwa.

Gam ɗin da ake manna shi da shi ɗan'uwan wanda ake liƙa takalmi da fasasshen kofi ne. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, danshi ne yake daskarar da irin wannan gam. Mu kuwa a bakin teku muke, iskarmu jiƙe take kusan duk shekara in ban da 'yan makonnin hunturu. Shi ya sa kwalbar da aka buɗe a watan jiya take yin kauri ko ta bushe a cikin jaka, kuma shi ya sa gam yake kamawa tun kafin a daidaita farcen a mazauninsa.

Abin da yake cire shi, da abin da yake riƙe shi

Abokan gābar farcen roba uku ne: ruwa, da maiƙo, da tsawo. Hannun matar gida kuwa daga asuba zuwa dare yana tsakanin wanke-wanke da wanki, da omo da ruwan jabel, da manja da man gyaɗa. Duk lokacin da farcen asali ya sha ruwa ya kumbura sannan ya bushe ya tsuke, roba ba ta bin sa, sai gam ya tsage kaɗan kaɗan daga gefe. Maiƙo kuma idan yana kan farce lokacin mannawa, gam bai taɓa farcen ba tun farko. Tsawo shi ne na uku, domin duk abin da bakin dogon farce ya bugo, tushen ne yake jin nauyinsa, kamar yadda doguwar sanda take ɗaga dutse.

Mai son ya zauna sai ta bi waɗannan matakai a jere. Ta wanke hannu da sabulu, ta jira kamar rabin sa'a har farcen ya bushe sarai. Kada ta shafa mai ko man kaɗanya kafin ta fara. Ta yanke nata farcen gajere, ta tura fatar da ke gindinsa baya a hankali, amma kada ta yanke ta, domin ita ce ƙofar da take hana ƙwayoyin cuta shiga tushen farce. Ta goga saman farcen da magagari mai laushi gwargwadon yadda sheƙin zai dushe kawai, ba wai ta kankare shi ya yi siriri ba. Sannan ta share ƙurar da auduga mai ɗan alkol na farmasi ko asiton, ta bari ya bushe, kada ta sake taɓa wurin da yatsa.

Bayan haka ta gwada kowane farce a yatsansa tun kafin ta buɗe gam. Wanda ya yi faɗi har ya hau fata shi ne zai fara ɗagowa, don haka ta rage gefensa da magagari. Wanda ya yi ƙanƙanta kuma, idan aka danne shi da ƙarfi, zai yi ta ƙoƙarin komawa siffarsa har ya ɓalle. Gam kaɗan ake sawa, a baza shi ko'ina, domin yawansa ba ya ƙara ƙarfi, sai dai ya malalo kan fata. A kafa farcen daga gindi a karkace, a kwantar da shi zuwa baki don iska ta fita, a danne kamar daƙiƙa 30. Kada hannu ya shiga ruwa na sa'a biyu aƙalla. A zaɓi gajere mai zagayayyen baki. A sa safar hannu ta roba wajen wanki, kuma kada a mai da farce mabuɗin gwangwanin tumatir ko abin ɓare dunƙulen magi. Wadda ta kiyaye wannan, farcen gam yana iya kai mata mako ɗaya zuwa biyu. Akirilik da jel sukan kai mako biyu zuwa uku kafin tsiron farce ya buɗe giɓi a gindi.

Inda taura biyu ba ta taunuwa

Mai karatu ya sake duba matakan nan, zai ga dukkansu manufarsu ɗaya ce, wato kada ɗigon ruwa ya isa ga farcen asali. Gwargwadon yadda aikin ya yi kyau, gwargwadon yadda aka toshe wa ruwa hanya. A nan ne kwalliya ta yi karo da alwala.

Aya ta 6 a Suratul Ma'ida ta yi umarni da wanke hannaye zuwa gwiwar hannu, kuma farce yana cikin hannu. A mazhabar Malikiyya, wadda muka tashi muna karanta littattafanta a zaure, daga Ahalari da Ishimawi zuwa Iziyya da Risala, cuɗa gaɓa yana cikin farillan alwala, haka nan tsettsefe yatsun hannu. Daga sharuɗɗanta kuma akwai rashin shamaki tsakanin ruwa da gaɓa, kamar kaki ko fenti ko busasshen ƙullu. Imamu Muslim ya ruwaito daga Sayyidina Umar cewa wani mutum ya yi alwala ya bar wani ɗan wuri a ƙafarsa ruwa bai taɓa ba, sai Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya mai da shi ya je ya gyara. Girman wurin da aka ambata a ruwayar kuwa gwargwadon farce guda ne. To ina ga farata goma da aka rufe da gangan?

Akwai wata fahimta da ta yaɗu tsakanin 'yan mata, cewa idan aka yi alwala sannan aka manna, shi ke nan, sai a riƙa shafa a kai kamar yadda ake yi wa huffi. Gaskiyar magana ita ce waccan alwala ta farko tana nan da ingancinta har ta warware, amma wadda za a yi bayanta ba ta cika ba. Shafa a kan huffi nassi ne ya zo da shi, shafa a kan ɗaurin rauni ko karaya kuma lalura ce ta kawo shi, ado kuwa ba ya cikin biyun. Lissafin ba shi da wuya. Farcen da ya zauna kwana 14 a hannun mai salla ya ratsa salloli 70, kuma sallar da aka yi ba da cikakkiyar alwala ba tana nan a wuya sai an rama ta. Hukuncin wankan tsarki ma haka yake, wanda ya sa maganar ta fi shafar amarya fiye da ƙawayenta, domin ita ce za ta shiga ɗakin miji da farata goma da aka manna mata don su kai mako uku.

Game da jan farcen da ake tallarsa da sunan mai numfashi, wanda aka ce ruwa yana ratsa shi, malamai da yawa ba su gamsu ba, saboda ratsawar tururi daban, wankewa da cuɗawa daban. Ko da an karɓi wannan magana, ba ta shafi farcen roba ba, domin babu mai da'awar ruwa yana ratsa roba da gam.

Har ila yau akwai maganar tsawo. Yanke farce yana cikin abubuwan fiɗira da Buhari da Muslim suka ruwaito, kuma a ruwayar Anas da ke cikin Muslim an iyakance kada a bar shi ya wuce kwana 40. Saboda wannan wasu malamai suna ƙin dogon farcen roba ko da a kwanakin da mace ba ta salla, wasu kuma suna ganin ado ne da ya halatta a waɗannan kwanaki muddin babu cutarwa. Wannan saɓani ne da kowane gida zai koma wa malaminsa a kai. Abin da ba a yi saɓani a kansa ba shi ne wajabcin ruwa ya isa ga gaɓar da aka ce a wanke.

Kwanakin da suka rage, da yadda ake cirewa

Ga wadda ta ɗauki fatawar halacci, lokacin farcen roba shi ne kwanakin al'ada, waɗanda ga yawancin mata ba su wuce mako guda. Ke nan abin da take bukata farce ne da zai riƙe kwana uku zuwa biyar ya kuma fita cikin sauƙi ranar wanka. Wannan ya sauya shawarar gaba ɗaya. Akirilik da jel ba su dace da ita ba, domin an yi su ne don makonni. Gam ma ɗan ɗigo ya isa. Mafi sauƙi shi ne 'yan takardun mannawa masu danƙo ciki da waje da suke zuwa a wasu kwalaye, waɗanda suke riƙewa yini ɗaya ko biyu, a ɗaga su da ruwan ɗumi. Akwai kuma wanda ake ɗora shi a kan siririn zobe da ake zurawa a kan yatsa, a cire lokacin alwala a mayar bayan salla. Mai zuwa walimar yamma ma tana iya yin la'asar, ta manna da takarda, ta cire kafin ta sake alwala.

Cirewa ita ce inda aka fi yi wa farce ɓarna. Wadda ta ga lokacin salla ya matso ta sa haƙori ko cokali ta ɓamɓare, to da saman farcenta take ɓamɓarewa, sai ya koma siriri mai zafi, kuma ba zai gyaru ba sai sabo ya tsiro bayan watanni. Hanyar da ta dace ita ce a rage tsawon da abin yankan farce, a jiƙa yatsu a ruwan ɗumi mai sabulu da ɗan mai na minti 15, a ɗaga gefe a hankali. Idan ya ƙi, a jiƙa auduga da asiton a ɗora a kai a naɗe na minti 10 zuwa 15. Akirilik yakan ci kusan rabin sa'a. A yi wannan a tsakar gida inda iska take kaɗawa, nesa da kurfoti da bututun gas da fitilar aci-bal-bal, domin asiton yana kama wuta nan take. Sannan a tabbata an goge sauran gam ɗin da ya rage a kan farce, don shi ma shamaki ne ga ruwa. Daga ƙarshe a shafa man kaɗanya.

Muna kuma tunatar da juna wani ladabi. Wadda ta sa farcen roba a kwanakinta ta sani cewa hannunta yana faɗin abin da kunya take sa a ɓoye. Wanda ya gan shi a hannun 'yar'uwa kuma kada ya yanke mata hukuncin barin salla, domin bai san halin da take ciki ba, kuma wani sashe na zato zunubi ne.

Garin gyaran gira kada a rasa ido

Ko an ajiye maganar alwala, daɗewar farcen roba tana da farashi a jiki. Idan gefensa ya ɗago, ruwa yakan shiga ya kwanta a wurin da iska ba ta kaiwa. Nan wata ƙwayar cuta mai suna Pseudomonas take samun gida, sai a cire a tarar farce ya yi kore ko baƙi-baƙi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗura sabon gam a ƙarƙashin wanda ya ɗago, a rufe danshin da ƙwayar cutar tare. Wanda ya ɗago cire shi ake yi. Idan gefen yatsa ya kumbura yana zogi ko ya tara ruwa, a tafi asibiti kafin ya zama karkare, musamman ga mai ciwon sukari.

Maganar ta fi nauyi ga mai jego da mai renon jariri. Tsakanin 1997 da 1998, a sashen jarirai na wani asibiti a birnin Oklahoma na Amurka, jarirai 16 sun rasu bayan kamuwa da wannan ƙwayar cuta, kuma masu bincike sun danganta yaɗuwarta da hannun ma'aikatan jinya biyu, ɗaya mai dogon farce, ɗaya mai farcen roba. A ƙa'idojin tsaftar hannu da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2009 an hana masu taɓa marasa lafiya sa ƙarin farce. Mai jego ba ta salla, kuma a Malikiyya jinin biƙi yana iya kai wa kwana 60, amma hannunta ne yake wanke cibiya yake kama nono. Waɗannan kwanaki ba na farcen roba ba ne. Haka nan mai sayar da koko da ƙosai, da mai waina, da duk wadda hannunta yake shiga abincin jama'a.

Sai kuma borin jini. Sinadaran akirilik da jel idan suna taɓa fata tun ba su daskare ba, jiki yana iya ƙin su, yatsu su yi ƙaiƙayi su tsattsage, wani lokaci har fatar ido ta kumbura. Wanda jikinsa ya ƙi su sau ɗaya yakan zauna da abin har ƙarshen rayuwa, kuma dangin sinadaran nan ne ake amfani da su wajen cike haƙori da wasu ayyukan ƙashi. Ƙungiyar likitocin fata ta Birtaniya ta yi gargaɗi a kan haka a 2018, ta kuma ambaci kayan da ake saya a yi a gida. Tarayyar Turai ta taƙaita sinadarin HEMA ga ƙwararru kaɗai tun 2021, sannan daga 1 ga Satumba 2025 ta haramta wani mai suna TPO a cikin jel. Tun 1974 kuma hukumomin Amurka suka ɗauki mataki a kan ruwan akirilik na MMA zalla, wanda yake kamawa da tsananin da idan aka bugu sai ya tafi da farcen asali. Kayan da aka rufe wa ƙofa a wata nahiya yakan nemi wata kasuwar, mu kuwa a bakin tashar jiragen ruwa muke zaune. Kwalbar da ba ta da jerin sinadarai a jikinta, ko ba ta da ranar lalacewa, a bar wa mai ita kayansa. Araha ba ta ado.

Abu biyu kuma na cikin gida. Gam ɗin farce idan ya zuba da yawa a kan atamfa ko wani yadin auduga yakan yi zafi nan take har ya ƙona fatar da ke ƙasa. Kwalbarsa kuma tana kama da ta maganin ɗigawa a ido, kuma an sha samun waɗanda suka rikita su. A ɓoye ta inda hannun yaro ba ya kai, nesa da magunguna. Kazalika almakashi da abin yankan farce kowa ya riƙe nasa, ko a gida ko wajen masu yankan farce na yawo, domin ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini a jikin ƙarfe har kwana 7.

Adon da ya daɗe bai hana ruwa ba

Kakanninmu mata da suka biyo ayarin fatake ta hanyar goro, ta Salaga da Kete-Karachi har suka sauka bakin teku, sun zo da amsar wannan tambaya a ƙullin zanensu, ita ce lalle. Ganyen lalle yana ɗauke da wani rini da yake shiga cikin keratin ya kama shi, ba ya kwanciya a sama kamar fenti. A fata yakan goge cikin mako biyu ko uku saboda fata tana sabuntawa, a farce kuwa ba ya gogewa sam, sai dai ya tafi tare da tsiro. Ƙunshi ɗaya yana iya raka mace wata 4 zuwa 6, har tsofaffi sukan dubi farin da ya fito a gindin farcen amarya su ƙiyasta watanninta a ɗaki. Babu farcen robar da ya kai rabin wannan. Kuma malamai sun yi bayani cewa launin lalle ba shamaki ba ne, da zarar an kankare ƙullun.

Mai son ya kama da kyau ta nemi garin da yake kore shar mai ƙamshi, ba wanda ya daɗe ya koma ruwan ƙasa ba. Ta tankaɗe shi, ta kwaɓa da ruwan ɗumi da ɗan lemun tsami da ɗan sukari, ta rufe ta ajiye na 'yan sa'o'i har rinin ya fito. Ta wanke farce ta kawar da maiƙo, ta ɗora da kauri, ta naɗe da leda ko ganye, kamar yadda iyayenmu suke zura hannu a zunguru. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan sallar isha'i, domin a nan Lome tsakanin isha'i da asuba akwai kusan sa'a tara, babu salla ta farilla a tsakani. Da asuba ta kankare, ta yi alwalarta, ta shafa mai. Launin zai fito ruwan lemo, ya yi ta nuna har kwana biyu. Mai son ja mai duhu ta maimaita dare biyu ko uku.

Shi ma lalle yana da nasa gargaɗi. Baƙin da ake kira dayis, wanda yake kamawa cikin minti kaɗan, galibi yana ɗauke da sinadarin rinin gashi mai suna PPD, wanda yake iya tayar da ƙuraje masu ruwa ya bar tabo. Wasu kwalaben da ake sayarwa da sunan lalle kuma fenti ne da yake yin ɓawo a kan farce. Gwajin mai sauƙi ne: duk abin da za a iya kankarewa ya fita kamar fata, to shamaki ne. Sannan kada a yi wa jariri ƙunshi, domin akwai wata lalurar jini ta gado da likitoci suke kira ƙarancin G6PD, wadda take da yawa a Afirka ta Yamma, kuma lalle yana iya farfasa jinin jaririn da yake da ita.

Kira ga magidanta da iyaye

Ado ba laifi ba ne, kuma yarinyar da ta yi sha'awar abin da ta gani a hannun sa'o'inta ba ta yi abin kunya ba. Tsawa da ƙwace kwali ba su koya mata komai, sai dai ta koma mannawa a gidan ƙawa. Uwa ta zaunar da 'yarta ta nuna mata lissafin sallolin nan. Ango da danginsa kada su sa ƙarin farce cikin abin da suke jira su gani a hannun amarya. Masu gyaran amare na unguwanninmu su riƙa tambaya kafin su buɗe gam, su kuma tanadi na takarda da na zobe da lalle mai kyau, domin cinikinsu ba zai ragu ba. Malaman Islamiyya mata kuma su sa wannan mas'ala a darasin tsarki, da sunanta na yau, yadda 'yan mata za su gane cewa da su ake.

Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya ba iyalanmu lafiya, Ya sa albarka a gidajenmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.